Telan da Aka Guji Allurarsa

An yi wani mutum, tela ne, a wani birni da ba sai na kama sunansa ba, don in na kama, wasunku za su shiga lissafin kakan wane ne, su bar sauraren karatu. Zamanin ya ɗan jima. Lokacin rediyo sai gidan wane da wane, mai hoto kuma sai ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle kafin ya ɗauke ka. A bayan tashar mota akwai wani layi da ake kira layin teloli, rumfa na jingine da rumfa, daga hantsi zuwa la'asar ba abin da kake ji sai ƙarar kekunan ɗinki. A bakin layin ga mai shayi, ga mai gyaran agogo, ga wata tsohuwa mai ƙosai wadda labarin gari ke fara sauka a gindin kaskonta kafin ya wuce ko'ina.

Wannan bawan Allah sunansa Malam Sallau. Rumfarsa ce ta ƙarshe, dab da kwata, kekensa ɗaya, shi ma tsoho. Amma ba ya cin ƙyallen mutane. In ka kawo yadi, abin da ya rage, ko bai kai tafin hannu ba, sai ya naɗe maka shi cikin rigarka. In ya ce maka Laraba, to Laraba ce. Na ga wasu teloli a nan sun sunkuyar da kai, ku ɗago, ban kira sunan kowa ba. Sannan yana da wata ɗabi'a guda: duk wanda ya rasu a unguwannin da ke kewaye, shi ke zuwa ya yanka likkafani ya ɗinka da hannu, kuma ba ya karɓar ko anini. Ya daɗe yana yi, har dattawan da suka iya a da suka sakar masa, wasu suka mutu, wasu suka manta yadda ake yankan.

To amma yau ba a rumfar Sallau za mu zauna ba. Za mu zauna cikin zuciyar maƙwabcinsa Badamasi, don a can ciwon yake.

Badamasi da Sallau wurin maigida ɗaya suka koyi ɗinki. Allah Ya buɗa wa Badamasi: shagonsa na siminti, da gilashi a gaba, kekuna uku, ma'aikata, ga rediyo a kan kanta. Ku saurara da kyau. Mutumin nan ba abin da ya rasa. Amma kullum idonsa na kan rumfar ƙarshe. In yana yanka yana leƙe, in yana cin abinci yana leƙe. In ya ji wata ta wuce tana cewa Allah Ya yi wa hannun Malam Sallau albarka, sai tuwon ranar ya ƙi wuce masa. Ba kuɗin Sallau yake so ba, don Sallau ba shi da su. Yadda ake ambaton sunansa da daɗin baki, shi ne abin da ya tsaya masa a wuya.

Ana nan, azumi ya raba tsakiya, sai ga wani attajiri, Alhaji Ɗanladi mai goro, da shadda mai tsada a hammata. Ya tsaya a ƙofar shagon Badamasi. Badamasi ya miƙe da rawar jiki, ya kakkaɓe benci, ya sa aka rage rediyo. Aka gaisa, aka tambayi iyali. Sai Alhaji ya ce ya leƙa rumfar Malam Sallau bai same shi ba, ko zai iya ɗan zama a nan inuwa kafin ya dawo. Ya zauna a bencin Badamasi, shaddar na kan cinyarsa, har Sallau ya dawo daga masallaci, ya tashi ya kai masa. Badamasi ya yi murmushi ya raka shi har bakin ƙofa, amma daga ranar wani abu ya ruɓe a cikinsa.

Alhaji Ɗanladi ya sa rigarsa ranar Sallah, kowa ya yaba. Ba a yi wata ba Allah Ya karɓi abinSa. Tsoho ne, ya daɗe yana fama da ciwo, kowa ya sani. Sallau ne ya ɗinka likkafaninsa kamar yadda ya saba.

Washegari da safe ana zaune a teburin mai shayi ana jimami. Badamasi ya kurɓi shayinsa, ya girgiza kai, ya ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma allurar da ke ɗinka likkafani ita ke ɗinka rigar Sallah. Allah Ya kyauta."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi zagi ba, bai yi rantsuwa ba, har da addu'a ya rufe. Kun san irin wannan maganar, don kuna yin ta. Kafin azahar ta isa wurin mai ƙosai, kafin magariba ta shiga gidaje. Wata ta tuna ɗanta ya yi ƙyanda bayan ya sa rigar Sallau. Wani ya tuna ya faɗi a keke da wandon Sallau a jikinsa. Wanda ya shekara goma yana sa ɗinkin Sallau lafiya lau, shi kuma bai tuna komai ba. Camfi ya kama gari. Mutane suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu, wasu ma ba sa iya haɗa ido da shi, sai su ce matar gida ce ta canza shawara. Kuma duk yadin da ya bar rumfar ƙarshe, shagon gilashi yake shiga.

Masu ƙaunar Sallau suka same shi, suka gaya masa daga inda maganar ta fito, suka ce ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ƙi. Suka ce to ya bar ɗinkin likkafani, in an kwana biyu za a manta. Ya ce, "In na bari, wa zai yi? Mamaci ba ya iya zuwa ya roƙi kowa. Allurar kam ɗaya ce, gaskiya ya faɗa. Amma rai ba a hannunta yake ba."

Kuna tsammani Badamasi ya huta? Bai huta ba. Shago ya cika, aiki har ana mayarwa, amma kullum da safe Sallau zai tsaya a ƙofarsa ya yi masa sallama, ya tambayi jikin Hajiya, mahaifiyar Badamasi, fuskarsa a sake kamar ba abin da ya faru. Sai Badamasi ya koma hassadar wannan kuma. Ya raba shi da ciniki, ya kasa raba shi da kwanciyar hankali, sai ya zama shi da ya yi nasara shi ne ke ramewa. Mahaifiyarsa, Hajiya Tabawa, ta taɓa kiransa ɗakinta ta ce ta ji abin da ake faɗa, kuma ta san bakin da ya fara. Ya rantse mata shi addu'a kawai ya yi. Ta dube shi, ba ta sake tayar da maganar ba.

Abu ya yi tsanani a gidan Sallau. Aka sayar da akuya, aka sayar da 'yan kwanonin matarsa, daga ƙarshe ya sa kekensa a kasuwa. Badamasi ya tura wani ya saye shi a ɓoye, ya ajiye shi a lungun shago ya lulluɓe da buhu, ba don yana buƙatarsa ba. Sallau ya bar layin teloli ya koma kasuwar hatsi, can ɗaya ƙarshen gari, yana ɗinke bakin buhuna da babbar allura.

Ba a daɗe da tashinsa ba, ranar wata Alhamis da hantsi, Hajiya Tabawa ta cika. Ita ce mutuwa ta farko a unguwar tun barin Sallau.

Aka tura masu haƙa kabari, mata suka shiga wanka. Badamasi ya sa aka sayo farin yadi, aka bi layin teloli da shi rumfa rumfa. Wannan ya ce kekensa ya lalace. Aka ce ai da hannu ake yi, ya ce idonsa ma na ciwo. Wancan ya ce bai iya yankan na mace ba, ga riga, ga zani, ga kallabi, ga na naɗewa, kada ya ɓata. Wani da ya hango su ya ja ƙyauren rumfarsa ya bi ta baya. Yadi ya dawo zaure yadda ya tafi. Badamasi ya juya ga ma'aikatansa. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Kai ka koya wa garin nan gudun hannun da ya taɓa likkafani. Ina da iyali."

Rana na ɗagawa, zafi na ƙaruwa, zaure cike da mutane, an aiko daga maƙabarta cewa kabari ya kammala. Daga cikin gida aka aiko sau biyu ana tambayar likkafani. Aikawa a kira Sallau kuwa, bakin Badamasi ya kasa furta sunan.

Za ku ce ai shi ma tela ne. Haka ne. Ya ɗauki almakashi ya shimfiɗa yadin. Sai ya ɗago ya ga idanun mutane a kansa, sai wani tunani ya gilma masa: in aka gan shi da allura a kan wannan yadin, shagonsa ya mutu. Ku saurara, jama'a. Uwar da ta haife shi na kwance a ɗaki tana jiran sutura, shi kuma yana auna ta da shago. Da ya kama kansa cikin wannan tunanin sai ya saki almakashin ya faɗi. Ranar ya ga abin da ya zama, kuma ya ji tsoron kansa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Malam Sallau ne, garin dawa duk ya bi masa hula da gemu, yana haki don da ƙafa ya ratso gari. Wani ɗan dako ne ya ba shi labari. Yana rungume da wani ƙunshi da ya biya ta gida ya ɗauko. Ya yi ta'aziyya, ya zauna, ya kwance ƙunshin, sai ga farin yadi mai kyau, a ninke, ko ɗigon datti babu.

Ya ce, "Na Hajiya ne. Shekarar da ta sauke farali ta zo da shi, ta tsoma shi a ruwan Zamzam. Ta ba ni ajiya, ta ce ba ta so 'ya'yanta su riƙa ganinsa a ɗaki hankalinsu na tashi."

Kowa ya san mutumin nan ya sayar da akuyarsa, ya sayar da kekensa, yaransa sun kwana da yunwa. Ga yadi mai tsada a ɗakinsa, na uwar wanda ya kassara shi, kuma ban da shi da ita ba wanda ya san da zamansa. Bai taɓa shi ba. Bai kuma taɓa zuwa ya ce wa Badamasi ga irin yardar da mahaifiyarka ta yi mini ba.

Ya auna, ya yanka, ya fara ɗinki. Can ya dubi rana ya ce aikin na son hannu biyu in ana so a kai ta kafin azahar. Ba wanda ya motsa, har telolin da ke zaune a wurin. Sai ya zaro allura ta biyu daga jikin hularsa ya miƙa wa Badamasi, ya ce, "Ɗan'uwa, mahaifiyarka ce. Kai ka fi kowa cancanta da wannan ladan."

Badamasi ya karɓa, a gaban kowa. Ya yi, ya yi ya zura zare, hawaye sun hana shi ganin kafar allurar. Sallau ya karɓa ya zura masa, ya mayar masa, ya nuna masa inda zai fara. Suka zauna gwiwa da gwiwa kamar zamanin da suke gaban maigidansu, suka ɗinke shi, aka kai Hajiya makwancinta a kan lokaci.

A bakin kabari Badamasi ya tsayar da jama'a ya faɗi gaskiya, ya ce ƙarya ya ƙulla, hassada ce ta sa shi. Washegari ya ɗauko keken nan da kansa ya mayar rumfar ƙarshe. Amma kada ku ɗauka komai ya koma daidai. Wasu sun dawo wurin Sallau, wasu har suka mutu ba su sake kai masa ko facin wando ba. Shagon gilashi ma aka fara gudunsa, don an ga mai shi da allurar likkafani. Camfin da ya yi renonsa bai san ubangidansa ba. Da Sallau ya rasu bayan shekaru, Badamasi ne ya ɗinka nasa, shi kaɗai, don har lokacin ba a sami na uku ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Hassada ba talauci ke kawo ta ba, mai kekuna uku ne ya yi wa mai keke ɗaya. Kuma alherin da kake rushewa a hannun maƙwabcinka, ba ka san ranar da gidanka zai buƙace shi ba. Kai mai shago, kai mai tebur, ke mai sana'a a cikin gida, akwai wanda in an yabe shi sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi. Ka san shi, yanzu ma fuskarsa ta zo maka. Gobe da safe za a ambace shi a gabanka, maganar nan ta "ni dai ban ce komai ba" za ta zo maka har bakin leɓe. Ka haɗiye ta, ka ce Allah Ya ƙara masa. Ba ka san wanda zai zura maka zare ranar da idonka ya kasa gani ba.

Allah Ya wanke zukatanmu, Ya suturta mu da iyayenmu ranar da ba mu iya suturta kanmu.