Nonon Saniyar Abbas

Akwai wata matar aure a Bagudo mai suna Hamdiyya, 'yar masunta daga Lolo, can bakin iyakar Benin. Ba ta da yawan magana, amma abu ba ya wucewa ta gabanta ba ta tambayi kanta dalili ba. Mijinta Ma'azu fataucin albasa yake yi zuwa ƙetare. Uwarsa kuwa, Inna Mairama, Bafulatana ce da ke zaune a ruga bayan gari.

Da Hamdiyya ta haifi ɗan fari, a gidansu ta yi wankan jego. Kunun kanwa, tuwon shinkafa, romon kifi. Yaron, Abbas, ya yi ɓul-ɓul, barcinsa har sai an tashe shi.

Ranar suna Inna ta ba jikan nata saniya, kamar yadda ake yi a danginsu. Don haka da mai jego ta dawo ɗakinta, kullum safiya sai ga Inna da ƙwarya a ka.

"Sha, ɗiyata," in ji ta. "Saniyar angona ce. Ke ki sha, shi ya sha a jikinki."

Hamdiyya ta riƙa shanyewa tas. Fura da nono, kindirmo, har da man shanu a tuwo.

Ba a jima ba Abbas ya canza. Da ya gama shan mama sai ya gantsare, ya naɗe ƙafafu yana tsala kuka. Ƙuraje suka feso masa a kumatu, kashinsa ya koma kore mai majina.

Inna ta ce a kawo ludayi. Ta sa Hamdiyya ta tatsa nononta a ciki, ta kamo tururuwa ta jefa. Tururuwa ta yi ta wutsil-wutsil, ta kasa fita.

"Kin gani? Nonon ya ɓaci," in ji Inna. "In wata ya kama bai sauya ba, in tahi da shi ruga. Saniya tai ta shayar da shi."

Hamdiyya ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin uwa ta nuna damuwa a gaban suruka.

Bayan Inna ta tafi, wata tambaya ta hana ta sakat. Shin tururuwa tana fita daga kowane nono? Ta ɗebo na saniya a ludayin nan, ta jefa wata. Ita ma ta nutse. Hamdiyya ta daɗe tana kallon ludayin.

To in ba nononta ba ne, mene ne? A Lolo lafiyarsa ƙalau da nonon nan. Me ya canza? Ta sauya sabulun wanki, shiru. Ta daina turaren wuta a ɗaki, shiru. Ta bar cin yaji, kuka na nan.

Sai aka tafka ruwan sama, rafin da ke tsakanin ruga da gari ya cika, Inna ta yi kwanaki ba ta iya ƙetarowa ba. A kwanakin nan kukan Abbas ya ragu, kumatunsa suka fara washewa. Ruwa ya janye, ƙwarya ta dawo, kuka ya dawo. Wannan karon har da ɗan zaren jini a kashin.

Ranar ta cire kunya ta ce wa mijinta, "Maigida, ka kai mu asibiti."

Ma'aikaciyar jinya ta duba yaron, ta saurari labarin har ƙarshe. Ta ce akwai jariran da cikinsu ba ya karɓar nonon saniya, ko da ta jikin uwa ya biyo. Ta ce Hamdiyya ta bar nono da kindirmo da man shanu na 'yan makonni, su dawo a sake dubawa.

"Amma kar ki kuskura ki cire shi daga mama, balle a ba shi na saniya kai tsaye. Yawancinsu suna warwarewa in sun girma."

A hanya Ma'azu ya yi ta sosa ƙeya.

"Ni in dubi Inna in ce nonon saniyarta na ba jikanta ciwo? Gara in yi dakon albasa a ka har Benin. Ki riƙa amsa kawai, ki ba yaran maƙwabta. Wa za ya sani?"

Hanya ce mai sauƙi. Amma Hamdiyya ta tuna da tsohuwar nan tana ratsa raɓa kowace safiya da ƙwarya a ka. A yi ta wahalar da ita a kan ƙarya? Kuma in ba ta san gaskiya ba, wata rana da hannunta za ta ɗura wa yaron.

Washegari da Inna ta sauke ƙwarya, Hamdiyya ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta faɗa mata komai. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da tururuwa ta biyu.

Inna ta ce, "Da nonon ga na yi goyon ubansa. Da shi aka yi goyona. Yau shi ne guba?"

"Ba guba ba ne, Inna. Cikinsa ne bai iya da shi ba tukuna."

Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ko sallama babu.

Safiya ta yi ta wucewa ba Inna. Ma'azu yana ta ƙunƙuni, wai an raba shi da uwarsa. Duk ranar kasuwa sai Hamdiyya ta aika wa Inna da gaisuwa da ɗan goro. Abbas kuwa ya samu barci, jinin ya ɗauke, ƙurajen suka bushe.

Bayan wata ya kama, sai ga sallamar Inna. Hamdiyya ta ɗago, ta ga ƙwarya a kan Inna. An zo tafiya da shi ke nan?

Inna ta ɗauki yaron, ta juya shi, ta shafa kumatunsa, ta latsa cikinsa. Abbas ya ƙyalƙyale da dariya ya cafke mata 'yan kunne.

"Kai, angon banza! Jikan Fulani guda, ka ƙi nono ka bi masunta? Mi zan ce wa dangi?"

Ta tura wa Hamdiyya ƙwaryar da ƙafa. Da ta buɗe faifan, ba nono a ciki. Busasshen kifi ne da wake da ƙwan zabi.

"Na kai nonon kasuwa, na musanyo wanga," in ji Inna, tana kallon gefe. "Saniya tai ce dai ke ciyar da shi. Tashi ki ɗora tukunya, angona na jin yunwa."

Darasi: Ba kowane kukan jariri ne ke nufin nonon uwa ya ɓaci ba. Uwa ta lura da abin da take ci, ta kai yaro asibiti, kada ta yaye shi a kan zato. Kuma gaskiyar da aka faɗa wa babba cikin ladabi, ko ta yi ɗaci yau, ta fi ƙaryar da za a rufe shi da ita. Ku tura wa masu jego da kakanni, wataƙila akwai gidan da ake wannan kukan yanzu haka.