Suna Ɗaya a Takardar Manjo

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labarin yau na soja ne, amma ba na masu harbi ba, na waɗanda ke bayansu ne, masu kai musu tuwo da ruwa da harsashi, waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da tukunya ta bushe.

Wata ƙasa ce ta tura sojojinta ƙetaren iyaka aikin kwantar da tarzoma. Mutum ɗari da ashirin aka ajiye a wani fako da ake kira Tungar Ƙaya, a ƙarƙashin Manjo Namadi Cindo. Komai nasu daga babban sito yake zuwa, tafiyar kwana biyu. Ƙa'idar kuwa ita ce: sansani ya aika takardar buƙata, Kanar mai kula da sito ya sa hannu, a yi lodi, ayari ya tashi da rakiya duk bayan kwana goma. Ko allura ba ta fita sai da sa hannun nan.

Ana tsakiyar bazara famfon rijiyar burtsatsen sansanin ya ƙone. Manjo ya aika takarda, ya bi ta da kira a oba-oba, wato rediyon soja, safe da yamma. Ranar da ayari ya iso, sojoji suka ruga suna murna, aka yaye tamfol. Me za su gani? Farin fenti, da man goge takalmi, da tsintsiya dami-dami! Wai wani babban baƙo zai zagaya sansanoni, saboda haka aka sa kayan kwalliya a gaba, takardar famfo tana can ƙasa tana jiran layi. Manjo ya ɗauki gwangwanin fenti ya maka da ƙasa. Ya ƙwace oba-oba ya ce, "Ku tambayi Kanar, fenti za mu sha?" Aka ce Kanar ba ya nan, ya tafi shirin tarbar baƙo.

Ruwan da ya rage na kwana huɗu ne, ayari na gaba kuwa sai bayan kwana goma. Aka koma kofi biyu a yini, salla sai da taimama. Kafin kwana biyu mutum bakwai sun kwanta, leɓunansu duk sun tsage. Manjo yana kallonsu, ba yadda zai yi.

A can sito akwai Saje Ladidi Bawa, mai riƙe da makulli. Ta ji muryar Manjo a oba-oba, ta kuma san famfo ɗaya ne tak ya saura, an ware shi domin ban-ruwan ciyawar filin fareti. Ku ji fa, ciyawa! Ta nemi Kanar ta rasa, mataimakinsa ya ce shi ba zai sa hannu a abin da zai ci rigarsa ba. Ta buɗe sito, ta fito da famfon da man mota, ta rubuta sunanta a gurbin da Kanar ke sa nasa. Ba don ita ba, da famfon bai ga rana ba.

Akwai kuma Kofur Ɗantani, makaniken sito. Tankar ruwa ɗaya ce a gareji, lagiretonta ya fashe, tayoyinta biyu sun suɗe. Ga wata mota irinta can a inuwa, an wanke ta an shafe ta da fenti domin fareti, an kafa doka kada kowa ya taɓa. Ɗantani ya kwance mata lagireto da tayoyi, ya bar ta a kan duwatsu, ya ɗaura su a tankar. Garin gwaji tafasasshen ruwa ya watso masa a hannun dama, fata ta saɓule, amma bai saki sifana ba sai da tankar ta tashi. Ba don shi ba, da famfon yana nan a ƙofar sito.

Na uku shi ne direba, Barau Tambaya. Babu rakiya, babbar hanya kuma an binne mata nakiya. To shi Barau ɗan masu fataucin shanu ne, ya san wani tsohon burtali da ba ya cikin taswirar kowa. Ya cika tankar da ruwa, ya ɗora famfo, ya fita shi kaɗai ba da izini ba. A rana ta biyu aka harbe shi a cinya daga cikin sunƙuru. Ya ɗaure da ɗamararsa, ya ci gaba da taka mota da ƙafa ɗaya, har ya iso Tungar Ƙaya a ranar da aka raba kofin ƙarshe. Ba don shi ba, da tankar da famfon sun zama kayan kallo a gareji.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Baƙo ya zo ya yaba, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: Kanar aka yi wa jinjina. Su ukun nan kuwa kwamitin bincike aka kafa musu. Ladidi ta fitar da kaya ba sa hannun Kanar, Ɗantani ya lalata motar fareti, Barau ya fita ba oda. Hukunci: a tuɓe musu kaki a kore su.

Manjo ya je hedikwata da ƙurar hanya a jikinsa, idonsa jajir. Ya ce, "Yallaɓai, mutum ɗari da ashirin suna numfashi yau saboda waɗannan. Wanda ya aiko mana fenti fa, ina nasa kwamitin?"

Shugaban kwamitin bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Manjo, iya bakinka. Doka doka ce. Amma don darajarka an yarda a yafe wa mutum ɗaya. Rubuta suna." Ya turo masa takarda mai layi ɗaya.

Manjo ya fito da takardar a hannu, yana huci. Ga su nan a kan benci suna jiransa. Ladidi, wata biyar ya rage mata ta yi ritaya bayan shekara talatin da huɗu, ita ke riƙe da marayun ƙanenta da ya mutu a fagen daga. Ɗantani, hannunsa ya ƙandare, babu garejin da zai ɗauke shi a waje. Barau yana dogara sanda, ba shi ba tuƙi har abada. Duk suka yunƙura suka sara masa, ba wanda ya ce, "Yallaɓai, ni." Rana zafi, inuwa ƙuna. An ba shi zuwa la'asar, in bai rubuta ba duka ukun su tafi.

To jama'a, ga alƙalami a hannunku. Mai makulli, ko mai sifana, ko mai sitiyari: sunan wa za ku rubuta, kuma da wane ido za ku kalli sauran biyun?