Mai Lambun da Ya Ƙi Gayyar Kainuwa

Ya 'yan uwa, ku matso. Ni ban zauna gaban allo ba, amma na ga Agege tun tana daji. Ruwa ya ci ɗakina, wuta ta ci rumfata, ga ni nan daram. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

An yi wani mutum, ɗan ƙasar Haɗeja, yana noman lambu tare da mu a bakin magudanar gwamnati, bayan mayanka. Alayyafonsa har kasuwar Mile 12 an san shi. Ba shi da zance sai gida: fadamar ubansa, tsohuwarsa da ke jiransa, ranar da zai koma da mutunci ya yi mata ɗakin kwano.

To, kun san kainuwar Ikko ba irin ta tafkinmu ba ce. In ka bar ta mako, sai ta rufe ruwa har kaza ta taka. Shi ya sa muke gayya duk ƙarshen wata, mu shiga ruwan nan mai wari, mu jawo ta tudu, ta bushe mu ƙone. Ni kaɗai ina jan abin da samari uku ba sa ja.

A zamanin soja mutumin nan yana fitowa gayya, don tsoron bulala. Da farar hula ta hau, sai ya ajiye manjagara. Lado, sarkin lambunmu, ya same shi ya ce, "Haba ɗan'uwa, ruwan nan namu ne duka."

Ya ce, "Oga Lado, magudana ta gwamnati ce, gwamnati ta zo ta share. Ni lambuna ka ga ciyawa ko ɗaya?"

Gaskiya babu. Amma ina yake kai ta? Duk abin da ya nome, cikin magudana yake watsawa, a kan kainuwar da ya ƙi cirewa. Muka gyara sama, muka gyara ƙasa, gefensa ya cushe kamar an yi tubali.

Damina ta sauka. Ruwa ya taho bai sami hanya ba. Ina zai bi? Ruwa yana tambayar iyakar gwamnati? Ya haura ta lambunsa, ya kwashe kunya da shuka da taki, ya bar masa laka da kainuwa. Ya taɓa na maƙwabta ma, har da na Lado. Da mutumin ya nemi a taya shi, kowa na fama da nasa. Mai filin da yake haya ya ƙwace ya ba wani.

Yanzu ku je inda manyan motocin Arewa ke sauke shanu. Za ku ga wani dattijo zaune yana tambayar direbobi, "An yi ruwa a wajenmu? Shinkafa ta yi?" Sun sha ce masa ya hau kyauta. Ya ƙi. Da wane ido zai kalli tsohuwarsa? Bara aka aiko ta rasu, a ɗakin nan nata na ciyawa.

Ya 'yan uwa, abin da ke na kowa naka ne. Wanda ya tsabtace gonarsa ya zuba cutar a hanyar jama'a, kansa ya tara wa. Asabar mai zuwa akwai gayya, ni da tsufana zan riga ku shiga ruwa.

Allah ya kiyaye mu da son kai, ya mai da kowane baƙo gida tun masu jiransa na raye. Amin.