Alwalar Alhaji Mantau

Tun da Alhaji Mantau ya kafa gonar shanu a saman rafinmu, ruwan sha ya koma kore, yana wari. Da aka kai ƙara gaban dagaci, sai Alhaji ya ce, "Ruwa lafiyarsa lau. Mai cewa shanuna ne, ya kawo saniyar ta amsa laifinta."

Ana kiran azahar, Baba, mahaifin maigidana, ya sa na ciko buta a rafin.

Ya miƙa wa Alhaji, ya ce, "Bismilla Alhaji, yi alwala. Yau kai ne limaminmu."

Alhaji ya shinshina, ya ture butar. "Haba Baba! Wannan ƙazantar ai ba ta alwala!"

Baba ya dubi dagaci. "Ranka ya daɗe, saniya ba ta samu zuwa ba, amma ubangidanta ya amsa mata."