Saƙon da Arzika ya danne

Akwai wani manomi ana ce masa Arzika, a wani ƙauye na wajejen Ɗan Gulbi, tun zamanin da Nasara bai sa ƙafa a ƙasar nan ba, Dakoro kanta tana daji. Mutum ne mai zafin nema. In dai aikin gona ne, ba a gwada masa.

Ɗansa na fari shi ne Sha'ibu. Kun san al'adar mutanen da: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ko kallonsa sai a sace. Ana yaye yaron aka miƙa shi ga kakarsa Dela, mahaifiyar Arzika. A bayanta ya girma, a ƙwaryarta ya sha fura.

Kullum suna cikin tsiya irin ta kaka da jika.

"Wane irin maigida ne wannan," in ji Dela, "ko ƙashi bai taɓa kawo mini ba?"

Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, bari haƙora su hito miki tukuna."

Ita ta nuna masa tsamiyar da kakansa ya dasa, da bayan ɗaki inda aka binne cibiyar ubansa, aka binne tasa kusa da ita. Yaro ya ɗauki gidan nan ya sa a ransa.

Ana nan, gonar gado ta gaji, gero ya daina yin kirki. Arzika ya bi wasu maza suka yi arewa, wajejen Korahane, suka sari daji, suka haƙa rijiya. Sabuwar gona tana son hannu, sai ya dawo ɗaukar yaron.

Dela ba ta hana ba. Ta ce, "Ɗanka ne, tahi da shi. Amma ran da na aiko, ka turo mini shi."

Ya ce, "To, Inna."

A can Sha'ibu bai taɓa ƙin aiki ba. Sai dai duk baƙon da ya tsaya shan ruwa a rijiya, sai ya bi shi da tambaya, "Ko kun biyo ta garinmu?" Arzika yana gani, kunyar ɗan fari ta hana shi cewa uffan.

Damina ta sauka da albarka, ciyawa da ƙarangiya suka taso kamar an aiko su. Ana tsakiyar noma sai ga Jimrau, wani mai fataucin kanwa ɗan garinsu, da jakinsa. Ya iske Arzika a gefen gona, yaron yana can ƙarshen kunya da hauyarsa.

Jimrau ya ce, "Tsohuwarka na kwance. Ta ce ba ta son komi, a kai mata maigidanta ta gan shi."

Arzika ya dubi gona, ya dubi sama. Wani hadarin yana haɗuwa. In hauya ta tsaya yanzu, ciyawa ta cinye geron.

Ya ce, "Ciwon tsuhwa ne. Da mun gama maimai za mu taho."

"Arzika, da idona na gan ta."

"Na ji."

Sai ga Sha'ibu a guje yana haki. "Baba Jimrau! Tsohuwa ta aiko ka?"

Kafin mutumin ya buɗe baki, Arzika ya tari numfashinsa. "Ba ta can ya biyo ba. Kai yaro, koma bakin aikinka."

Jimrau ya sunkuyar da kai, ya kora jakinsa. Jama'a, wallahi Arzika ba mugu ba ne, yana son uwarsa. Gani ya yi kamar mutuwa ma za ta jira a gama noma.

Tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba. Ya ga yaron ya daina zuwa rijiya tambayar baƙi, abin ya riƙa cin sa, amma ya haɗiye.

Da aka gama maimai, wato noma na biyu, suka kama hanya. Sha'ibu ya tara ƙwan zabi a daji, ya jera su cikin ƙoƙo da dusa, ya rungume abinsa duk tsawon tafiyar. Suna hango gari ya bar ubansa a baya.

"Tsohuwa! Hito, maigida ya kawo cehwane!"

Ɗakin a rufe yake. Gwaggonsa Aisata, ƙanwar Arzika, ta fito tana share ido da bakin zane. An binne Dela, har ciyawa ta fara tsirowa a kan kabarin.

Aisata ta ce, "Idonta na bakin ƙohwa har rai ya hita. Jimrau dai ya ci amana, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Yaron ya ajiye ƙoƙon, ya fashe da kuka. "Ni ne mai laihi! Da ba ta aiko ba na yi hushi da ita. Na ce ta manta da ni, har na daina sa ta cikin addu'a."

Arzika yana tsaye yana ji. Da ya yi shiru, shi ke nan, Jimrau ya kwashi zagin, asirinsa ya rufu. Amma yaron zai girma da wannan nauyi a ƙirji.

Ya durƙusa gaban ɗansa. "Sha'ibu."

Matan gidan suka riƙe baki, don ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"Ta aiko. Jimrau ya isar da saƙo. Ni na danne shi saboda gona."

Bayan an yi addu'a yaron ya roƙi a bar shi a gidan, wurin gwaggonsa. Ina Arzika ya ga bakin hanawa?

Ran komawa, Sha'ibu ya ɗaukar masa gorar ruwa har bayan gari. Ya miƙa masa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, in ka yi ciwo ka aiko. Ko ana tsakiyar noma zan zo."

Arzika ya juya da sauri don kada yaron ya ga fuskarsa, ya kama hanyar arewa shi kaɗai.

Darasi: Gona tana jiran wata damina, tsohon da ke gida ba ya jira. In iyaye sun kira, a ajiye hauya a tafi, kuma kada mu shiga tsakanin yaro da kakanninsa don wata buƙata tamu. Ku tura wannan labari ga ɗan'uwan da ya daɗe bai leƙa gida ba.