Jatau da Tabar Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani manomi, Jatau, a gindin wani dogon dutse. A can ƙololuwa akwai Tabar Dutse, mai ƙananan ganye masu ɗaci, tana zaune da ƙanwarta. Ba mai ba su ruwa, ba mai yi musu noma.

Wata rana Jatau ya hau, ya durƙusa ya ce, "Baiwar Allah, ki ba ni riƙon ƙanwarki. Duk kaka zan kawo irinta nan, ku gaisa."

Ta ce, "Duk kaka?"

Ya ce, "Duk kaka."

Ya sauko da ita fadama, ya yi mata taki da ban-ruwa. Ganyenta ya yi faɗi kamar faifai, aka sa mata suna Tabar Gida. Da ita Jatau ya ci, da ita ya yi sutura.

Lokacin kaka ya yi, sai ga Rema, 'yar dabbar nan mai zama a kogo, ɗan aiken dutse. Ya ce, "Malam Jatau, Yaya na cigiyar ƙanwarta."

Jatau ya ce, "Sai baɗi."

Baɗi ta zo, Rema ya dawo. Jatau ya ce, "Sai baɗi."

A shekara ta uku, tsoro ya kama Jatau kada wani ya hau ya samo iri kamar nasa. Ya ce wa Rema, "Je ka, ina tafe." Da rana tsaka ya cinna wa busasshiyar ciyawar dutsen wuta. Kwana biyu tana ci.

Da damina ta faɗi, wata cuta ta shiga fadama. Ganye ya yi rawaya, ya nannaɗe. Jatau ya zuba toka, ya ƙara taki, ya canja kunya, duk a banza.

Tabar Gida ta ce, "Maigida, ka daina wahala. Ni ka sangarta ni, ba ni da ƙarfi. Yayata ta sha irin wannan ciwo sau da yawa ta tashi. Ka kawo ta kusa da ni, ƙudan zuma su haɗa furenmu, ko 'ya'yana sa rayu."

Jatau ya kasa kallonta. Ya hau dutsen, ya duba nan toka, ya duba can toka. Ya yi ta tono da farce har yatsunsa suka yi jini. Sai ga Rema, gashin bayansa a ƙone.

Jatau ya ce, "Ko ƙwaya ɗaya ba ta saura ba?"

Rema ya ce, "Ko ɗaya. Da Yaya ta hango hayaƙi, cewa ta yi baƙinta ne suka iso, suna dafa abinci a hanya."

Jatau ya sauko. Tabar Gida ta ce, "Ina Yaya?"

Ya ce, "Tana tafe."

Kwana bakwai tana juya ganyenta wajen dutse, har ta bushe a tsaye. Jatau ya bar garin da fartanya kawai a kafaɗa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, yara, in kun sami abu, kada ku hallaka inda ya fito.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta koma kogon Rema.