Lambar Waya a Fostar Baba Azariya

Akwai wani matashi a Kafanchan mai suna Gilbert, yana da shagon zane da buga fosta kusa da tashar mota. Ya iya aikinsa, kuma yabo ya shiga kansa.

Yana da wasu haruffa da ya ƙirƙira da kansa, 'yan dabbara-dabbara kamar an jera bulo, irin rubutun wasannin tsofaffin wayoyi. Matasan coci suka so su a rigunansu. Tun daga nan, duk aikin da aka kawo masa da su yake yi.

Wata safiya Yemima, malamar firamare, ta shigo idanunta a kumbure. Mahaifinta, Baba Azariya, wanda tsufa ya taɓa wa tunani, ya fita tun jiya bai dawo ba.

"Ƙanena, hotonsa da lambar wayata kawai za ka sa. Manya-manya."

Da ya gama, ta leƙa kwamfutar, ta matse ido.

"Wannan takwas ne ko sifili? Ni ban gane ba."

"Anti, dizain ne. Shi zai sa mutane su tsaya su kalla. Ki bar ni da aikina."

Ba ta da ƙarfin gardama. Ta kwashi fostocin, aka manna su daga Zonkwa har Godogodo.

Shiru, babu wanda ya kira. Bayan 'yan kwanaki manoma suka tsinci gawar tsohon a bakin rafi, bayan Godogodo.

Gilbert ya je gaisuwa. Yana zaune a cikin mutane sai wani ɗan acaɓa, Samson, ya durƙusa gaban Yemima yana share hawaye.

"Mama, na ga Baba da rai. Yana zaune gindin mangwaro, har kunu na saya masa. Na kira lambar fosta, wani mutum ya ce ba shi ba ne. Na canza wasu lambobin, na sake canzawa, rubutun ba ya karantuwa. Na tafi kai fasinja in dawo in ɗauke shi, da na dawo na tarar ya tashi."

Gilbert ya gane haruffansa ne suka jawo haka. Ya so Yemima ta zage shi, ko ta mare shi gaban kowa.

Ba ta yi ba. Ta dube shi kawai, ta ce, "Ai na tambaye ka."

Gilbert ya bi gari yana ɓamɓare fostocin da hannunsa, ya goge haruffan daga kwamfutarsa. Shagon na nan har yau. Yemima takan wuce kowace safiya za ta makaranta, amma kafin ta iso ƙofarsa sai ta tsallaka titi.

Darasi: Gwanintarka don amfanin mutane aka ba ka, ba don a yabe ka ba. Idan wanda kake yi wa aiki ya ce bai gane ba, ka saurare shi ka gyara. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani.